Hanci Iri-Iri: Darasi Daga Kasuwar Gamboru

Gabatarwa

A Maiduguri, babban birnin Jihar Borno, akwai wata unguwa da ake kira Gamboru. Kasuwarta tana kusa da Kogin Ngadda, wanda ya ratsa birnin. Wannan Gamboru daban take da Gamboru Ngala, garin da ke kan iyakar Nijeriya da Kamaru. Duk wanda ya shiga kasuwar da hantsi, hancinsa ne zai fara ba shi labari kafin idonsa. Zai ji ƙamshin turaren wuta, da warin daddawa, da ƙaurin busasshen kifi, da yajin barkono mai sa atishawa.

Idan ya ɗaga kai ya dubi jama'a, zai ga mutane daga wurare da yawa. Ga Kanuri, waɗanda Hausawa ke kira Barebari. Ga Larabawan Shuwa, da Hausawa, da Fulani, da Babur, da Margi. Ga Ibo da Yarbawa daga kudu, ga kuma baƙi daga Chadi da Kamaru da Nijar. Kowa da irin fuskarsa, kowace fuska kuma da irin hancinta. Hancin wani dogo ne siriri, na wani gajere ne mai faɗi. Karan hancin wani ya tashi sama, na wani kuwa a kwance yake. Akwai mai tsini, akwai wanda ya lanƙwasa kamar bakin shaho. Wani lokaci ma a rumfa ɗaya za a tarar da wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, amma hancinsu bai yi kama ba.

Me ya kawo wannan bambanci? Shin siffar hanci tana iya gaya mana ƙabilar mutum, ko basirarsa, ko halinsa? Waɗannan tambayoyi ne za mu amsa a wannan darasi. Amsarsu tana da muhimmanci, domin akwai lokacin da kuskuren fahimtarsu ya jawo asarar rayuka masu yawa.

Sassan hanci

Ku ɗora yatsa a tsakanin idanunku, ku danna a hankali. Za ku ji tauri, domin ƙashi ne a wurin. Ƙasusuwa biyu ƙanana ne suka haɗu suka tayar da saman abin da ake kira karan hanci. Yanzu ku sauko da yatsan zuwa ƙasa. Za ku ji wurin ya yi laushi, yana motsawa hagu da dama. Wannan sashe guringuntsi ne, irin wanda ke cikin kunne. Tsawon ƙashin, da girman guringuntsin, da kaurin fatar da ta rufe su, su ne suke ba kowane hanci siffarsa.

Abin da ido ke gani ɗan kaɗan ne daga cikin hanci. Bayan kafofin hanci biyu akwai wani babban rami da ya miƙe har zuwa maƙogwaro. Wani siririn bango ya raba ramin gida biyu. A kowane gefe akwai ƙasusuwa uku masu lanƙwasa, ɗaya bisa ɗaya, kamar kantoci a shago. Wata tattausar fata mai danshi ta lulluɓe su, cike take da ƙananan jijiyoyin jini. A cikin wannan rami ne hanci yake yin yawancin aikinsa.

Aikin hanci

Baligi yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya idan yana hutawa. A yini guda da darensa, kimanin lita 10,000 na iska ke shiga jikinsa. Huhu kuwa abu ne mai taushi ƙwarai. Ba ya son iska mai sanyi, ko busasshiya, ko mai ƙura. Saboda haka hanci yakan yi wa iska gyara iri uku kafin ta isa can.

Na farko, yana tace ta. Gashin da ke bakin kafofin hanci yana tare manyan ƙwayoyin ƙura. Waɗanda suka wuce sai su manne a jikin majina. Wasu ƙananan gasu da ido ba ya iya gani suna tura majinar a hankali zuwa maƙogwaro, mutum ya haɗiye ta ba tare da ya sani ba.

Na biyu, yana ɗumama ta. Jinin da ke gudana a ƙarƙashin tattausar fatar yana ba iskar ɗumi. Kafin ta shiga cikin huhu, zafinta ya kusa kai na jiki, wato digiri 37 a ma'aunin salshiyos.

Na uku, yana jiƙa ta. Busasshiyar iska tana ɗaukar danshi daga bangon hanci yayin da take wucewa.

Bayan waɗannan, hanci ne ke jin ƙamshi da wari. A can saman ramin akwai ƙwayoyin da ke gane ƙamshi, kuma ɗan Adam yana da kusan iri 400 na masu karɓar saƙon. Masana biyu 'yan Amurka, Linda Buck da Richard Axel, sun sami kyautar Nobel a shekarar 2004 saboda bayanin da suka yi a kan yadda wannan aiki yake gudana. Haka kuma hanci yana taimakawa wajen magana. Ku toshe hancinku ku ce "mama" ko "nono". Za ku ji sautin ya lalace, domin iskar "m" da ta "n" ta hanci take fita.

Abin lura a nan shi ne, kowane lafiyayyen hanci yana yin dukkan waɗannan ayyuka, dogo ne ko gajere, siriri ne ko mai faɗi.

Dalili na farko: gado

Mutum yana gadon siffar hancinsa daga iyayensa, kamar yadda yake gadon tsawo da launin fata. A cikin jikin kowa akwai ƙwayoyin gado, rabi daga uwa, rabi daga uba. Su ne suke tsara yadda ƙashi da guringuntsi za su girma.

A shekarar 2016, masana daga wata jami'a a Landan sun wallafa sakamakon binciken da suka yi a kan fuskokin mutane fiye da 6,000 daga ƙasashen Birazil, Kolombiya, Cile, Meziko da Peru. Sun gano ƙwayoyin gado huɗu da ke da hannu a siffar hanci. Ɗaya tana da alaƙa da faɗin karan hanci, biyu da faɗin kafofi, ɗaya kuma da tsinin hanci. Bincike na baya ya ƙara gano wasu. Tun da ƙwayoyin suna da yawa, kuma kowane ɗa yana samun haɗi na dabam daga iyayensa, ba abin mamaki ba ne wa da ƙane su bambanta. Ɗaya ya ɗauko hancin uwa, ɗaya ya ɗauko na kakansa na wajen uba.

Dalili na biyu: yanayin ƙasa

Gado ya bayyana mana yadda siffa take wucewa daga iyaye zuwa 'ya'ya. Sai dai bai gaya mana abin da ya sa wata siffa ta fi yawa a wani yanki ba. A nan ne yanayin ƙasa yake shigowa.

A shekarar 1923, masana biyu 'yan Ingila, Arthur Thomson da Dudley Buxton, sun kwatanta awon hancin al'ummomi da yawa da yanayin wuraren da suke zaune. Sun ga cewa siririn hanci ya fi yawa a wurare masu sanyi ko bushewa, faffaɗan hanci kuma ya fi yawa a wurare masu zafi da danshi. A 1954 wani masani mai suna Joseph Weiner ya nuna cewa yawan danshin da ke cikin iska shi ne ya fi alaƙa da siffar hanci. A 2017 kuma masana daga Jami'ar Jihar Pensilbaniya a Amurka sun auna fuskokin mutanen da asalinsu ya fito daga Afirka ta Yamma, da gabashin Asiya, da kudancin Asiya, da arewacin Turai. Su ma sun tarar cewa faɗin kafofin hanci yana tafiya tare da zafi da danshin ƙasar kakannin mutum.

Ga bayanin da masana suke bayarwa. Idan hanyar iska ƙunƙuntacciya ce, iskar takan fi gogar bangon hanci, don haka takan fi ɗaukar ɗumi da danshi. Wannan yana da amfani ga wanda ke zaune a ƙasar ƙanƙara ko a hamada. A wurare irin su Fatakwal da Kalaba kuwa, iska tana zuwa da ɗuminta da danshinta. Ba ta bukatar gyara mai yawa, kuma faffaɗar kafa tana barin ta ta wuce cikin sauƙi.

Maiduguri misali ce mai kyau ta yadda zafi da danshi suke rabuwa. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana yakan wuce digiri 40, amma yawancin shekara iskar a bushe take. Damina gajeriya ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Hancin mutumin Sahel yana da babban aiki na jiƙa iska, ko da yake ƙasarsa ba ta da sanyi irin na Turai.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a kiyaye. Na farko, wannan canji yana ɗaukar dubban shekaru. Ɗan kasuwar da ya baro Anaca ya zauna a Gamboru shekara 30 hancinsa bai canza ba, 'ya'yansa kuma daga wurinsa da wurin uwarsu za su yi gado. Na biyu, magana ce ta abin da ya fi yawa kawai. A kowace al'umma ana samun kowace irin siffa.

Dalili na uku: cuɗanya

Tun zamanin da, mutane ba su zauna wuri ɗaya ba. Sun yi ƙaura, sun yi fatauci, sun yi auratayya. Yankin Tafkin Chadi yana cikin wuraren da aka fi yin wannan cuɗanya a Afirka. A 1987 wani makiyayi da ke haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yau, ya ci karo da wani kwalekwale da masana suka ce ya kai kimanin shekara 8,000. Wannan ya nuna daɗewar zirga-zirgar mutane a yankin.

Daular Kanem-Borno ta yi ƙarnuka tana ciniki da Arewacin Afirka ta hanyar da ta bi ta Bilma da Fezzan zuwa Tarabulus. Larabawa makiyaya, kakannin Shuwa, sun iso yankin tun wajen ƙarni na 14. Almajirai sun zo neman ilmin Alƙur'ani daga ƙasar Hausa da wasu wurare. Maniyyata masu tafiya Makka a ƙasa sun bi ta Borno zuwa Sudan, wasu kuma suka yi aure suka zauna a hanya. Babban birnin daular ya kasance a Birnin Ngazargamu, daga baya ya koma Kukawa, kafin Shehun Borno ya dawo Yerwa, wato Maiduguri, a 1907. Kowane zamani ya kawo sababbin mutane da sababbin fuskoki. Fuskokin da ake gani a Kasuwar Gamboru a yau sakamakon wannan dogon tarihi ne.

Cuɗanya ta faru a sauran duniya ma. A nahiyar Turai da yammacin Asiya an yi wasu mutanen da da ake kira Niyandatal, waɗanda suka ɓace kimanin shekara 40,000 da suka wuce. Sun yi auratayya da kakannin mutanen yau. Wani bincike da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa wasu mutane sun gaji wata ƙwayar gado daga gare su wadda ke ƙara wa hanci tsawo.

Bayan waɗannan dalilai uku, akwai abin da ya faru bisa katari, kamar a ce ƙaramin ayari ya kafa sabon gari, siffar waɗanda suka kafa shi ta yaɗu a zuriyarsu. Akwai kuma abin da al'umma ta ɗauka kyau ne, wanda ke iya shafar zaɓin miji ko mata.

Hanci a al'ada da harshen Hausa

A wurin Hausawa da yawa, dogon hanci yana cikin alamomin kyau. Idan ana yabon budurwa akan ce tana da "hanci har baka". Saboda haka a wasu gidaje, idan kaka ko ungozoma tana yi wa jariri wanka da ruwan ɗumi, takan riƙa jan hancinsa da yatsu biyu don ya miƙe. Takan haɗa da wasan da ke tsakanin kaka da jika, ta ce: "Kai mijina, ina ka baro hancinka? Da wannan za ka zo zance wurina?" Sai matan gida su kwashe da dariya.

Gaskiyar magana ita ce, kusan kowane jariri a duniya da kwantaccen karan hanci ake haihuwarsa. Karan yana tashi a hankali yayin da fuska take girma, har zuwa ƙarshen shekarun samartaka. Idan hancin yaro ya miƙe daga baya, gado ne ya miƙar da shi. Ja da yatsu ba ya canza ƙashi ko guringuntsi, kuma idan aka ja da ƙarfi ana iya ji wa jaririn ciwo.

Ma'aunin kyau kuma yana canzawa daga wuri zuwa wuri, daga zamani zuwa zamani. Hancin da ake yabo a wannan ƙasa, a wata ƙasar masu shi suna biyan likita kuɗi don ya rage musu shi. A Borno, matan Kanuri da na Shuwa sun daɗe suna huda gefen hanci suna sa masa ado, kuma adon yana yi wa kowane irin hanci kyau.

Kalmar "hanci" ta shiga maganganun Hausa da dama. Ga wasu daga ciki:

*Hura hanci:* nuna girman kai. Misali: "Tun da ya sami muƙami yake hura wa mutane hanci."

*Cin hanci:* karɓar rashawa. Misali: "An kori ma'aikacin saboda cin hanci."

*Hanci bai san daɗin gishiri ba:* wanda ba shi da rabo a abu bai san darajarsa ba. Wannan karin magana ya dace da ilmin kimiyya, domin gishiri ba shi da ƙamshi, harshe ne ke jin ɗanɗanonsa. Amma daɗin miya ya dogara ƙwarai da hanci. Shi ya sa mai mura yake cewa abinci ya yi masa salam.

*Abin da ya taɓa hanci, ido kan yi ruwa:* abin da ya sami ɗan'uwanka ko maƙwabcinka ya same ka. A jiki ma haka abin yake. Idan aka bugi hanci, hawaye kan zubo nan take. Akwai kuma wata siririyar hanya da ke kai hawaye daga kusurwar ido zuwa cikin hanci. Ita ce ke sa mai kuka ya riƙa jan majina.

Lokacin da awon hanci ya zama makami

A ƙarni na 19, wasu masana a Turai, irin su Bafaranshen nan Paul Broca, sun ƙirƙiro hanyar auna hanci da lissafi. Akan raba faɗin hanci da tsawonsa, sannan a ninka sau 100. Misali, hanci mai faɗin santimita 4 da tsawon santimita 5 zai ba da 80. Abin da ya gaza 70 ana kiransa siriri. Daga 70 zuwa ƙasa da 85 matsakaici ne. Daga 85 zuwa sama faffaɗa ne.

Lissafin kansa ba shi da laifi. Likitoci suna amfani da irinsa har yau idan za su gyara fuskar wanda ya yi haɗari. Ɓarnar ta zo ne lokacin da wasu suka ce lambar tana nuna darajar mutum. A Indiya, wani jami'in mulkin mallaka na Ingila mai suna Herbert Risley, wanda ya shugabanci ƙidayar jama'a ta 1901, ya yi iƙirarin cewa gwargwadon sirantar hancin al'umma gwargwadon matsayinta. A Jamus, a zamanin mulkin 'yan Nazi, an yi amfani da zanen hanci wajen cusa wa yara ƙiyayyar Yahudawa.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Ruwanda. Hutu da Tutsi harshe ɗaya suke yi, wato Kinyarwanda. A tuddai ɗaya suke zaune, kuma sun daɗe suna auratayya. Turawan mulkin mallaka sun zo da ra'ayin cewa Tutsi wani jinsi ne mafi daraja da ya zo daga wata ƙasa, suka kafa hujja da tsawon jiki da sirantar hanci. Sun auna kawuna da hancin mutane. A wajen 1933, hukumar Beljiyam ta fara ba kowa katin shaida da aka rubuta ƙabilarsa a kai. An fifita wani ɓangare a makaranta da aikin gwamnati, gaba ta yi ta girma. A 1994, cikin kimanin kwana 100, an kashe mutane wajen 800,000, yawancinsu Tutsi, tare da Hutu da suka ƙi goyon bayan kisan. A shingayen hanya, makasa sukan duba katin shaida, wani lokaci kuma su duba fuska kawai. Akwai Hutu da aka kashe saboda an ga hancinsu ya yi kama da abin da ake cewa na Tutsi ne. Awon hanci shi kaɗai bai haddasa kisan ba, domin akwai siyasa da son mulki a ciki. Amma shi ne ya ba ƙiyayyar rigar ilmi.

Kimiyyar yau ta rushe wannan ra'ayi gaba ɗaya. Idan aka kwatanta ƙwayoyin gadon kowaɗanne mutane biyu a duniya, za a ga sun yi daidai da kusan kashi 99.9 cikin 100. A 1972 masani Richard Lewontin ya nuna cewa kimanin kashi 85 cikin 100 na ɗan bambancin da ya rage ana samunsa ne a cikin al'umma ɗaya, tsakanin mutum da maƙwabcinsa. Nahiyar Afirka kuma ta fi kowace nahiya yawan bambancin gado, shi ya sa ake samun kusan kowace siffar hanci a cikinta. Babu wani bincike ingantacce da ya nuna alaƙa tsakanin siffar hanci da basira, ko gaskiya, ko jarunta.

Kula da hanci lokacin hunturu

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu tana kaɗowa daga arewa maso gabas. Tana ɗauko ƙura mai yawa, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi. A wannan lokaci hazo yakan rufe Maiduguri, leɓuna su tsage, cikin hanci ya bushe. Hunturu ba ya zaɓen hanci. Mai dogo da mai gajere duk suna fama da mura da haɓo.

Idan wani ya yi haɓo, a zaunar da shi ya ɗan sunkuyar da kai gaba. A matse sashen hanci mai laushi na minti 10 zuwa 15, yana numfashi ta baki. Kada a ɗaga kansa baya, domin jinin zai bi maƙogwaro. Idan jinin ya ƙi tsayawa, a kai shi asibiti.

Bushewa da ƙura suna raunana tattausar fatar cikin hanci, har ƙwayoyin cuta su sami hanyar shiga jini. Wannan yana cikin dalilan da suka sa cutar sanƙarau ta fi ɓarkewa da rani a yankin da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, wanda arewacin Nijeriya ke cikinsa. Alamominta sun haɗa da zazzaɓi mai zafi, da matsanancin ciwon kai, da sandarewar wuya. Duk wanda aka ga yana da su, a garzaya da shi asibiti. Akwai allurar rigakafin cutar. Yana da kyau kuma a riƙa shan ruwa sosai, a rufe hanci da ƙyalle ko takunkumi idan ƙura ta yi yawa, a kuma bar iska ta riƙa shiga ɗakin kwana.

Kammalawa

Mun ga cewa gado, da yanayin ƙasar kakanni, da cuɗanyar al'ummomi, su ne manyan abubuwan da suka sa hanci ya zama iri-iri. Siffar hanci tana iya ba da ɗan labari a kan iskar da kakannin mutum suka shaƙa dubban shekaru da suka wuce. Ba ta ba da tabbacin ƙabilarsa, balle ta faɗi halinsa. Wasan kaka da jika abu ne mai daɗi, domin ƙauna ce ke ƙarƙashinsa. Yi wa ɗan ajinku ba'a saboda hancinsa kuwa cin mutunci ne, kuma tarihi ya nuna inda irin wannan raini yake iya kaiwa.

A watan Satumba na 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye sassa da yawa na Maiduguri, har da Gamboru. Ya shiga rumfar Kanuri da ta Bahaushe da ta Ibo ba tare da ya tambayi asalin kowa ba. Waɗanda suka fito ceto su ma ba su tsaya duban fuska ba kafin su miƙa hannu. Abin da ya taɓa hanci, ido kan yi ruwa.

Ma'anar wasu kalmomi

*Karan hanci:* doron hanci, daga tsakanin idanu zuwa tsini.
*Guringuntsi:* abu mai ɗan tauri a jiki, wanda bai kai ƙashi ƙarfi ba.
*Danshi:* ɗan ruwan da ke cikin iska, ko ƙasa, ko wani abu.
*Haɓo:* zubar jini daga hanci.
*Cuɗanya:* zama tare da mu'amala tsakanin mutane daban-daban.
*Auratayya:* aure tsakanin dangi biyu ko al'ummomi biyu.
*Bisa katari:* ba tare da shiri ko niyya ba.
*Salam:* rashin ɗanɗano.
*Iƙirari:* faɗar abu da ƙarfi a matsayin gaskiya.
*Ba'a:* maganar raini da ake yi don a yi wa mutum dariya.

Tambayoyi

1. Ambaci al'ummomi biyar da ake samu a Kasuwar Gamboru.
2. Waɗanne gyare-gyare uku hanci yake yi wa iska kafin ta isa huhu?
3. Me ya sa wa da ƙane suke iya bambanta a siffar hanci?
4. Bayyana alaƙar da ke tsakanin siririn hanci da busasshiyar iska.
5. Hanci yana da faɗin santimita 3.5 da tsawon santimita 5. Lissafa awonsa, sannan ka faɗi rukunin da ya faɗa.
6. Ta yaya aka yi amfani da siffar jiki wajen raba kan mutanen Ruwanda?
7. Me ya kamata a yi wa wanda ya yi haɓo?
8. Yi amfani da "hura hanci" da "cin hanci" a cikin jimloli biyu naka.

Aiki

(a) Ku riƙe madubi a ƙarƙashin hancinku, ku fitar da numfashi a hankali. Ku duba tururin da ya kwanta a kai. Sau da yawa gefe ɗaya yakan fi ɗaya girma, domin kafofin hanci karɓa-karɓa suke yi wajen aiki. Ku sake gwadawa bayan 'yan sa'o'i, ku rubuta abin da kuka gani.

(b) Ku nemo karin magana ɗaya mai ɗauke da kalmar "hanci" a harshenku na gida. Ku bayyana ma'anarsa da Hausa a cikin jimloli uku.